Haɗa Manhaja Ba Ya Koyuwa da Haddar Handawut

A kusan kowane sashen kimiyyar kwamfuta na jami'o'inmu akwai darasin da ake koyar da hanyoyin tsara aikin haɗa manhaja, wato yadda tawaga za ta ɗauki buƙatar mai aiki, ta raba ta, ta gina, ta gwada, ta miƙa. Ka tambayi ɗan aji uku ko huɗu, zai zano maka matakan tsarin Wotafol da ka, ya lissafo maka fa'idoji biyar na tsarin Ajayil, har ya ci A a jarrabawa. Amma ka ce masa ya haɗu da mutum huɗu su fitar da ƙaramar manhaja mai aiki cikin sati biyu, nan ido zai raina fata. Laifin ba na ɗalibin ba ne shi kaɗai. Abin da ake koyo da hannu ne aka mayar masa da shi abin hadda.

Ni aikin jarida nake karanta, kuma a ɓangarenmu babu wanda zai yarda cewa ka iya haɗa labarai don kawai ka haddace ma'anar ɗakin labarai. Sai an tura ka ka nemo labari, edita ya jan maka layi da jan biro, lokacin shiga iska ya matso kana gumi. Haɗa manhaja ma aikin tawaga ne mai wa'adi, don haka ban ga dalilin da zai sa a koyar da shi a kan allo kaɗai ba.

Bari mu ɗan koma baya mu ga inda waɗannan tsare-tsare suka samo asali, don tarihinsu ma hujja ne. A shekarar 1968 ƙungiyar NATO ta kira taron masana a garin Garmisch na ƙasar Jamus, saboda manyan ayyukan manhaja suna ta wuce wa'adi, suna cinye kuɗi fiye da kasafi, wasu kuma ba sa aiki bayan an gama. A 1970 wani injiniya Ba'amurke, Winston Royce, ya rubuta maƙalar da ake jingina tsarin Wotafol gare ta: a tattara buƙatu, a zana, a gina, a gwada, a miƙa, kowane mataki sai na gabansa ya ƙare, kamar ruwan da ke gangarowa ba ya komawa sama. Abin da handawut ba ya yawan faɗa shi ne, Royce da kansa ya yi gargaɗi a cikin wannan maƙala cewa bin matakan a miƙe haka yana da haɗari, domin sai a ƙarshe ake gano kuskuren da aka yi tun farko.

A watan Fabrairun 2001 mutum 17 masu haɗa manhaja suka taru a Snowbird da ke jihar Utah ta Amurka, suka fitar da ƙudurin Ajayil. A taƙaice, sun fifita manhajar da ke aiki a kan tulin takardu, sun fifita zama da mai aiki a kai a kai, sun kuma yarda cewa buƙata tana canjawa, dole tsari ya bi ta. Tsarin Sikiram, wanda Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar a 1995, yana raba aiki zuwa gajerun zanguna da ba su wuce wata ɗaya ba, tare da ganawar minti 15 kullum. Shi kuwa Kanban daga masana'antar motoci ta Toyota a Japan aka aro shi. Duk cikinsu babu wanda aka ƙirƙira don amsa tambayar jarrabawa. Mutanen da aiki ya ƙona wa hannu ne suka fito da su.

In kana son gane bambancin cikin sauƙi, tuna telan Sallah. Akwai wanda zai auna ka, ya karɓi shadda, ba za ka sake ganin kayanka ba sai daren Sallah, lokacin da in wuyan riga ya matse babu yadda za a yi. Akwai kuma wanda zai kira ka bayan kwana uku ka gwada, ya rage nan, ya saki can, kafin ya sa aiki a wuya. Na farko Wotafol yake yi, na biyu Ajayil. Kuma babu telan da ya koyi wannan a littafi. A shago ya zauna, ya ɓata yadi, maigida ya yi masa faɗa.

Kada wani ya ɗauka wannan ƙaramar magana ce. Ranar 1 ga Oktoban 2013 gwamnatin Amurka ta buɗe shafin inshorar lafiya na HealthCare.gov, shafin ya durƙushe tun ranar farko. Kamfanoni da dama ne suka gina sassansa daban-daban, kuma ba a yi wa tsarin cikakken gwaji a haɗe ba sai dab da buɗewa. Ƙwararrun masu kodin ba su yi ƙaranci a wurin ba, kuɗi ma haka. Tsarin aikin ne ya gaza. To idan haka ta faru da Amurka, ina ga shafin rajistar ɗalibai ko na ɗaukar ma'aikata da muke kwana muna dannawa yana ƙin buɗewa?

Abin dariya, yadda ake gudanar da furojet ɗin kammala digiri shi kansa Wotafol ne tsantsa. Babi na ɗaya, a sa hannu. Babi na biyu, a sa hannu. Manhajar kanta sai a babi na huɗu ake ganin hotunanta, sau da yawa saura sati biyu a kare kundi. Babu mai amfani da ita da aka taɓa tambaya, kuma bayan an ba da maki sai kundin ya tafi kan kanta ya sha ƙura. Wannan tsari ne ya buɗe kasuwar masu sayar da furojet, domin in takarda kawai za a duba, takarda tana sayuwa. Aikin rukuni kuwa kowa ya san yadda yake: mutum goma a takarda, ɗaya ya yi aikin, biyu su biya kuɗin firintin, sauran su turo suna da lambar rajista ta WhatsApp.

Ga abin da nake ganin ya kamata. Tun satin farko na zango a raba aji zuwa tawagogi na mutum biyar ko shida, kowace tawaga a ba ta mai aiki na gaske: ɗakin karatun sashe, asibitin makaranta, wata Islamiyya a unguwa da ke rubuta kuɗin wata a littafi, ko mai kemis da ke son sanin maganin da ya kusa lalacewa. Duk bayan sati biyu tawaga ta nuna abin da ke aiki, ko da shafi ɗaya ne, mai aikin ya ce ya yi ko bai yi ba. A tsakiyar zango malami ya canja wata buƙata da gangan, a ga kamun ludayinsu. A kuma wajabta amfani da Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, domin yana ajiye tarihin wanda ya rubuta me da kuma yaushe. Da wannan, ɗan a-rubuta-sunana ba shi da wurin ɓuya, kuma a ɗora kaso mai tsoka na maki a kan wannan tarihi.

Na san abin da malamai za su ce, kuma suna da gaskiya a wani ɓangare. Lakcara ɗaya da ɗaruruwan ɗalibai ba zai iya zama da kowace tawaga ba. Wuta ba ta tsayawa, data ta yi tsada, ba kowa ke da laftof ba. Sai dai yawancin abin da ake buƙata a nan ba ya cin kuɗi. Allon Kanban da kwali da ƙananan takardu ake yin sa: abin da za a yi, abin da ake yi, abin da aka gama. Ganawar minti 15 a gindin bishiya ma tana yiwuwa. Git yana aiki ba tare da intanet ba, sai lokacin tura aiki ake buƙatar data. Mutum biyu a kan laftof ɗaya, ɗaya na rubutu ɗaya na dubawa, dabara ce da ƙwararru ke yi da gangan. Ɗaliban digiri na biyu da 'yan ajin ƙarshe kuma za su iya duba tawagogin ƙanana.

Wasu kuma za su ce jami'a ba wurin koyon sana'a ba ce, tushe ake koyarwa. Na yarda tushe wajibi ne, kuma Wotafol ma yana da wurinsa, misali a manhajar jirgin sama ko na'urar asibiti inda dole a rubuta komai a tantance. Amma wanda bai taɓa ganin buƙata ta canja masa a tsakiyar aiki ba, ta yaya zai san lokacin da kowane tsari ya dace? Fred Brooks ya nuna tun 1975 cewa ƙara mutane a aikin manhajar da ya makara ƙara masa jinkiri yake yi. Wannan darasi ba ya zama a kai sai ranar da aka ƙaro muku sabon mutum ana saura kwana uku, kuka ɓata kwana biyu kuna yi masa bayani.

Damar gyaran ma tana nan. Sabon kundin tsarin karatu na CCMAS da hukumar NUC ta ƙaddamar a Disambar 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. Ga kuma watannin SIWES, waɗanda bai kamata su ƙare a zaman ofis da cike littafin rahoto ba. Yanzu da ChatGPT da ire-irensa ke iya zubo kodin cikin daƙiƙoƙi, abin da zai bambanta ka shi ne iya sauraron mai aiki, raba aiki, gwada shi, da ɗaukar gyara daga abokin aiki ba tare da fushi ba.

Mu ma ɗalibai kada mu zauna jiran majalisar jami'a ta zauna. Ku nemi abokai huɗu, ku je wurin mai shagon da ke kusa da hostel ku tambaye shi abin da ke ba shi ciwon kai a lissafinsa, ku ba kanku sati biyu. Abin da za ku fara kawowa ba zai yi kyau ba, zai ma iya yi muku dariya. Ku gyara ku koma. Ranar da kuka je neman aiki, ko a Kano ko a Legas ko ta intanet, tambayar da za a yi muku ita ce me kuka taɓa ginawa, kuma da wa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.