Silin Ma Magani Ne

'Yan'uwa, a tsofaffin gidajen New Bell a Duwala, kwano kaɗai ke tsakaninmu da rana. A Fabrairu da Maris ɗaki sai ka ce tanda. Da dare uwa takan yaye gidan sauro don yaro ya sha iska. Bayan mako biyu sai ga su a asibiti da zazzaɓi.

Don haka, maigida, kafin ka sayi fanka, sa silin. In katako ya fi ƙarfinka, tabarma ta isa. Bar tazara tsakaninta da kwano, nesa da wayar wuta. Toshe yoyo kafin damina, gama jiƙaƙƙiyar tabarma tana kawo tari. Ko an ɗauke wuta, silin yana aikinsa.