In Alat Ya Shigo, Fara'a Ta Fita

Sharhinmu na yau a kan wata 'yar takarda ne da ba ta wuce tafin hannu ba, wato rasit ɗin da ake miƙo maka in ka sayi firiji ko fanka ko injin wanki. A can ƙasanta akwai wani layi da ake bugawa da ƙananan baƙaƙen Turanci, ma'anarsa wai kayan da aka saya lafiya lau ba a dawo da su.

Saura mako biyu a ɗauki azumin bara, na raka gwaggona sayen firiza. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyar. Ta kwashi adashi, ta haɗa da kuɗin tumaki biyu da ta sayar, niyyarta ta riƙa ƙanƙara da zoɓo da kunun aya ana kai wa masu buɗa baki. Muna sa ƙafa a shagon, yaro ya jawo kujera ya goge, aka kawo ruwan leda mai sanyi. Mai shago ya bubbuga murfin wata firiza ya ce, "Hajiya, wannan sai dai jikoki su gada. Garantin shekara guda cur, ko tari ta yi ki kira ni." Na ce a gwada mana. Babu wuta, aka tada janareto, aka jona ta kamar minti biyu, ta yi gurnani, yaro ya ce, "Alhaji taɓa ka ji." Na taɓa, gefenta ya ɗan yi sanyi. Aka tura kuɗi. Wayar mai shago na yin ƙara, ya duba, ya juya ga wani mai saye. Ko ɗan dakon da ya fitar mana da ita bakin titi, mu muka sallame shi.

Kwana tara ta yi tana aiki. A na goma sai kuka kawai take yi, babu sanyi, zoɓo cike da robobi ya yi tsami aka zubar. Muka ɗauki a-kori-kura muka mayar da ita. Zuwan farko aka ce oga ya tafi Legas sarin kaya. Zuwa na biyu, injiniya bai fito ba. A na uku aka yanke hukunci: wutar gidanku ce ta ƙona kwamfuresa, garanti kuma bai shafi wuta ba. Gwaggo ta ce, "Ɗana, ai da sitabilaizar da ka sayar min na jona ta." Yaron shagon bai ce uffan ba, sai ya sa yatsa a kan layin nan na ƙasan rasit. Ita ba ta yi boko ba, kuma ranar ciniki babu wanda ya karanta mata shi. Ni kaina da na yi bokon, ban duba ba. Kujerar da aka goge mata ranar farko tana nan, wani yaro ya miƙe ƙafa a kai yana danna waya, ita tana tsaye da azumi a bakinta.

Kada a ce na ɗauki ɓangare, ɗan kasuwa ma yana da nasa kukan. Gaskiya ne wutarmu tana kashe kaya. Na'urorin nan an ƙera su ne don wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240, alhali a unguwanni da yawa, lokacin zafi, ƙwan lantarki ja yake yi kamar garwashi. Kwamfuresa in ta yi ta yunƙurin tashi a irin wannan wutar, ƙonewa take yi. Kuma tun watan Yunin 2023 da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, wanda ya sayar da firiza yau ba lalle kuɗin ya sayo masa irinta gobe ba. Duk mun yarda. Amma in wuta na soke garanti, me ya hana a faɗa kafin a karɓi kuɗi? Kuma wa ya tabbatar da cewa wutar ce? Injiniyan da shagon ke biya, shi ne mai bincike, shi ne alƙali.

Akwai abin da masu saye da yawa ba su lura da shi ba. Kayan kamfani na ainihi suna zuwa da katin garanti a cikin kwali, kuma katin ba ya aiki sai an cike kwanan wata da lambar na'urar, an buga hatimin dila. Wasu shagunan ba sa cikewa, saboda kayan ba ta hannun dilan kamfani suka biyo ba, ko kuwa jabu ne da aka manna wa suna mai kama da sanannen suna, an sauya harafi ɗaya. Rasit ɗin gwaggo abin da aka rubuta kawai shi ne firiza ɗaya, sai kuɗi. Babu samfuri, babu lamba. Da irin wannan takarda, mai shago yana iya kallon ƙwayar idonka ya ce wannan ba tasa ba ce.

Inda abin ya fi ciwo shi ne kayan ɗakin amare. Uwa takan sayi firiji da talabijin da na'urar markaɗe tun biki saura wata shida ko fiye, gudun kada farashi ya tashi. A ajiye su a kwali a ƙuryar ɗaki. Sai ranar jere, gaban dangin ango, a jona firiji ya ƙi tashi. A koma shago, a ce, "Haba Hajiya, kayan da kika saya tun kafin Babbar Salla?" Shi ke nan, an ci moriyar ganga an yar da kwaurenta.

To, wannan layi na ƙasan rasit ba doka ba ne. A farkon 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar gasa da kare haƙƙin masu saye, wadda ta kafa hukumar FCCPC a madadin majalisar kare masu saye da aka kafa tun 1992. Dokar ta ba mai saye damar mayar da kayan da suka fito da aibi cikin wata uku, a gyara, ko a canza, ko a biya shi kuɗinsa, kuma ɗawainiyar mayarwa a kan mai sayarwa take. Hukumar ta sha nanata cewa rubuta ba a mayar da kuɗi bai kuɓutar da kowa ba. Jihar Kano ma tana da tata hukumar kare masu saye. Sai dai mace irin gwaggo, da ba ta taɓa jin sunansu ba, ba za ta cike fom da Turanci a intanet ba. Hukumomin nan da za su kafa ɗan teburi a Sabon Gari ko Kantin Kwari, da ma'aikaci mai jin Hausa, da sun fi amfanar talaka.

Layin nan ba addini ba ne kuma. Duk wanda ya zauna a zaure ya biya Risala ta Ibnu Abi Zaid Alƙairawani ya wuce ta babin ciniki, ya ji haramcin algus da ɓoye aibi, ya ji cewa wanda ya tarar da ɓoyayyen aibi a abin da ya saya yana da zaɓin mayarwa. Ba al'adar kasuwarmu ba ce ma. Ku je kara ku gani: dillali ba a banza yake cin la'ada ba, in saniya ta fito ta sata shi ake kamawa. Yaya aka yi mai sayar da dabba ya tsaya wa hajarsa, amma mai shagon gilas da kwandishan ya ɓuya bayan layi ɗaya na Turanci?

Amsar, wani ɓangare nata yana wurinmu. Bayan zuwa na uku gwaggo cewa ta yi, "A bar shi, ƙaddara ce, Allah ya isa." Mai shago ya san da wannan maganar, da ita yake lissafi. Ya san a cikin masu saye kaɗan ne za su dawo sau uku, ga kuɗin mota, ga kunya, ga tsoron a ce ana rigima da tsohuwa a kasuwa. Haƙuri abu ne mai kyau, amma wannan irin nasa riba ce ga macuci, kuma gobe wata uwar marayun zai sayar wa. Shi ya sa nake roƙon masu sauraro, kafin ku danna tura kuɗi, lokacin da fara'a ke nan da ranta, ku sa a rubuta samfuri da lambar na'ura a rasit, a buga hatimi a katin garanti, a faɗa muku a gaban shaida abin da garantin ya ɗauka da wanda bai ɗauka ba. Firiji kuma a bar shi a jone har sai cikinsa ya yi raɓar ƙanƙara, ko da za ku sayi man janareton.

Mu dai daga ƙarshe shugaban 'yan kasuwar layin muka samu, wani dattijo mai furfura. Ya saurari gwaggo har ta gama, ya juya rasit gaba da baya, ya aika yaro. Ogan da aka ce mana yana Legas, cikin minti biyar sai ga shi ya ɓullo ta bayan shago yana gyara hula. Aka sasanta shi zai sa sabuwar kwamfuresa, gwaggo ta biya kuɗin gas da na mota. Firiza ta dawo gida ranar 23 ga azumi, kasuwar ƙanƙara saura mako guda. Adashin da ta kwasa kuwa, sai da ta yi wata bakwai tana zubinsa da kuɗin wankau.