A bar wa tsohon kaset ɗin wasa takardarsa

A watan Yulin 2021 an yi gwanjon kaset ɗaya na wasan Super Mario 64 a Amurka, ya tashi a dala miliyan 1.56. Wasan da ke ciki iri ɗaya ne da na miliyoyin kaset ɗin da Nintendo ya fitar. Kwali da takarda da hannu bai taɓa ba su aka saya. Da labarin ya bazu, wani abokina da ke zaune a Faransa ya bugo gida ya ce a tono masa tsofaffin kaset ɗinsa daga akwatin tsohuwarsu. Ƙanensa ya ga takardun da ke manne a kansu sun koɗe, sai ya ɓare su tas, ya wanke robar, a ganinsa gyara ya yi.

Gaskiya ita ce yawancin kaset ɗin da muka yi wasa da su a Maradi ko Damagaram ba za su kawo ko sisi ba. Na jabu ne, masu ruwan ɗorawa, da ake sa wa injinan da aka kwaikwaya daga Famicom, wanda Nintendo ya fitar a Japan a 1983. A rubuta maka wasa dubbai a kai, ka kunna ka tarar da ƴan ƙalilan suna ta maimaita kansu. Sau da yawa ma hoton bai da haɗi da abin da ke ciki. Duk da haka takardar nan ce kaɗai shaidar abin da ya shigo kasuwanninmu. Babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa yana karɓar wasannin bidiyo bisa dokar 1992, amma wannan doka ta shafi abin da aka fitar a can bisa ƙa'ida. Namu babu mai rajistarsa. In aka ɓare takardar, roba ce kawai ta rage.

Kuma takardar ba ta jiran kowa. Hasken rana yana cin tawada, ja da ɗorawa su fara tafiya. Zafi yana busar da gam, gefe ya ɗaga, ƙurar hunturu ta shige ƙarƙashi. Wani gam ɗin kuma ratsa takarda yake yi ya fito a sama: masu tara kaset ɗin Activision na injin Atari 2600 sun san wannan tabo har sun raɗa masa suna. Wannan fa a ƙasashen sanyi ke nan. Ku ƙiyasta abin da ke faruwa a ɗakin kwano cikin Afrilu, zafi ya haura digiri 40, damina ta biyo da danshi, kyankyaso ya samu abinci.

Sai dai ɓarnar da na fi gani ta hannun mai kaya ce. Wani ya lulluɓe takardar da tef, bayan shekaru tef ɗin ya yi ja, ranar da aka ɗaye shi ya tafi da rubutun. Wani ya goge ta da alkol, tawadar ta bi tsumma. Alkol na haƙoran ƙarfen da ke shiga inji ne, can kaɗai.

Abin da kaset ke buƙata kaɗan ne. A ɗauki hotonsa gaba da baya da waya tun yau, a sa shi cikin kwali a ɗaki mai inuwa, sama da ƙasa, a jefa ƴan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. In wani yaro ya rubuta sunansa da bik a kai shekaru talatin da suka wuce, a bar shi.

Masu buga sabuwar takarda su manna za su ce kayansu ne, ba mai hana su. Haka ne. Amma in za a sayar, a faɗa wa mai saye cewa takardar ta bana ce, don a kasuwar masu tarawa da wannan dabarar ake sayar da na jabu a kuɗin na asali.