Kunkuru a tsakiyar hanya: mai tafiya sannu ma yana da haƙƙi

Da zarar ruwan farko ya sauka a ƙasar Muniyo, shamuwa ta riga ta gyara sheƙarta a kan itatuwan gari, kwaruruwan Bune kuma sun fara tara ruwa a gindin goruba da dabino. A lokacin ne hanyoyin rairayi da ke haɗa ƙauyukan Bune da Gure da kasuwannin iyakar Najeriya ke samun wani matafiyi wanda ba ya biyan kuɗin mota, ba ya kuma iya kauce mata. Matafiyin nan shi ne kunkuru, da ƴar'uwarsa ta ruwa, kififfiya.

Bune, a gundumar Gure ta jihar Damagaram, tsohon mazauni ne na sarautar Muniyo kafin ta koma Gure. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya ratsa ta a watan Disamba na 1852 kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram. A zamaninsa raƙumi da jaki da doki ne ke bin hanyar, su kuwa suna ganin abin da ke gabansu. A yau akwai manyan motocin kaya, da motocin kasuwa, da baburan kabu-kabu, ga kuma kwaltar Hanyar Haɗin Kai wadda ta taso daga Damagaram ta ratsa Gure ta nufi Difa. Ƙoƙon bayan da ya tsare kunkuru daga haƙorin dila ba ya tsare shi daga taya.

Ya kamata mai karatu ya bambanta dabbobin biyu, domin taimakon da ya dace da ɗaya yana iya halaka ɗayar. Kififfiya ƙarama ce, bayanta a shimfiɗe, ƙafafunta da fata tsakanin yatsu. Idan tabki ya ƙafe sai ta nutse cikin laka ta yi rani a can, ruwa na sauka ta fito ta kama neman wani tabkin. Ita ce aka fi cin karo da ita a kan hanya da damina. Kunkurun tudu kuwa bayansa a tashe yake, ƙafafunsa masu kauri da ƙaya, kuma bai iya iyo ba. Wanda ya ɗauke shi ya jefa a tabki da nufin alheri ya kashe shi.

Babban kunkurun Sahel shi ne na uku a girma a duniya, bayan na tsibiran Galapagos da na tsibirin Aldabra. Yana iya wuce shekara 70 a raye. Yana haƙa rami mai zurfi ya fake wa zafi, ƙananan dabbobi kuma su raɓa a ciki. Yana cin ciyawa, ya yaɗa irinta cikin kashinsa. Sai dai haihuwarsa ma tafiyar kunkuru ce. Macen takan shekara 10 ko fiye kafin ta fara ƙwai, ta binne kamar 15 zuwa 30 a lokaci guda, mafi yawan ƴaƴan kuma dila da guza da tsuntsaye ne ke cinye su. Saboda haka mutuwar babbar mace guda a ƙarƙashin mota asarar zuriya ce ta shekaru da dama.

Mota ba ita kaɗai ce maƙiyiyarsa ba, ba ita ce ma babba ba. Farin 1973 da na 1984 sun rage ciyawa, dabbobin kiwo sun ƙaru, gobarar daji tana cinye abin da ya saura. Ga kuma kamu: wasu na ajiye shi a gida don camfin tsari da tsawon rai, wasu na sayar da shi a ƙetare. Yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda Nijar ke cikinta, ta tsayar tun 2000 da fitar da wanda aka kamo a daji don ciniki. A 2021 ƙungiyar UICN ta sanya shi cikin halittun da ke fuskantar ɓacewa. A cikin gida akwai doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 kan farauta da kare namun daji. Amma doka tana ofis, kunkuru yana bakin hanya, kuma direba ne ke yanke masa hukunci.

Abin da ake bukata daga direba bai kai minti biyu ba. Da farko ya tsaya inda ba zai jawo haɗari ba, domin ran mutum yana gaba da komai. Ya kama dabbar da hannu biyu ta gefen ƙoƙonta, ba ta wutsiya ba, kada ya kife ta. Ya kai ta ɗaya gefen da ta dosa, ya ajiye ta nesa kaɗan da hanya. Idan ya mai da ita inda ta fito, za ta sake tsallakawa bayan ya wuce. Ya yi aikin a hankali, ƙasa-ƙasa, domin kunkurun tudu yana adana ruwa a mafitsararsa, idan ya firgita sai ya zubar da shi, a ƙasar da ruwa ke wuya kuwa wannan ajiya ce ta rai. Kififfiya takan saki wari, takan yi yaƙushi, don haka a wanke hannu bayan an gama. Sannan kada a saka shi a mota a kai wa yara. Kunkuru ya san raminsa da wurin kiwonsa. Wanda aka raba da su ya zama baƙo a duniya.

Wanda ya saba rage gudu don kunkuru zai tarar idonsa ya buɗe ga sauran maƙwabta. Da hantsi balbela tana bin shanu, zalɓe yana tsaye a bakin ruwa, kurege yana leƙe daga rami. Da almuru bushiya da yanyawa ke fitowa. A tabkin Gidimuni da ke kan hanyar Damagaram, tsuntsayen ruwa daga Turai sukan sauka da sanyi. Kallon nan ba ya cin ko dala, amma yana da amfani: makiyayi da manomi ne ke fara lura idan wata dabba ta daina bayyana.

Gundumar Gure ta san yadda ɓacewa take. Jimina, wadda a da take yawo a dajin Nijar, ta ƙare a cikinsa a farkon shekarun 2000, har sai da aka koma kiwonta cikin shinge a Kelle don kada irinta ya yanke. A 2012 aka kafa gandun Tarmit da Tin-Tumma a arewa don ceto ragowar barewa da ƴan'uwanta. Duk waɗannan magani ne bayan ciwo ya yi nisa, alhali rigakafi ya fi magani.

Aikin bai fi ƙarfin kowa ba. Hukumomin garin Bune da ma'aikatan gandun daji za su iya kafa alluna a inda hanya ta raɓi tabki. Shugabannin tasha su ja kunnen direbobi kafin damina. Malaman makaranta su koya wa yara bambancin kunkuru da kififfiya, masu gari kuma su hana cinikinsa a kasuwanninsu. Hausawa sun ce kunkuru ya so dambe, ba shi da yatsa. Ba shi da bakin kai ƙara ma. Idan mai mota bai taka burki ba, babu wanda zai taka masa.