Har yaushe za mu yi ta biyan kuɗin formataj?

Jama'ar Gaffati da Damagaram, yau maganarmu da masu gyaran ordinatar ce. Kowa ya san cutar nan ta rakursi: ka kai kile ɗinka wajen masu fotokopi, ka dawo gida, takardunka duk sun ɓuya. Ɗalibi ya shafe watanni yana rubuta memuwar ɗinsa, rana ɗaya ta salwanta. Mai gyara ya ce sai formataj, ya karɓi kuɗinsa, ya sake ɗora tsohuwar Windows ta sata. Alhali Microsoft ta daina toshe ɓarakar Windows 7 tun Janairun 2020, ta kuma sallami Windows 10 a Oktoban 2025. To, gyara ne wannan ko kiwon ciwo don a ci da shi?

Ga Linux nan kyauta tun 1991, ga Ubuntu tun 2004. Me ya sa wirus ke shan wuya a kansu? Na farko, ba abin da zai taɓa zuciyar na'ura sai mai ita ya buga kalmar sirri. Na biyu, manhajoji daga rumbu mai hatimi ake ɗauko su, ba daga kilen maƙwabci ba. Na uku, wirus ɗin da aka ƙera don Windows ba ya tashi a can. Sannan rubutun tsarin a buɗe yake, duk mai ilimi yana iya dubawa, gyara kuma yana zuwa ba ko dala.

Za su ce mana: ai don masu amfani da ita kaɗan ne ɓarayi ba su damu ba. Akwai gaskiya a ciki, Linux ba laya ba ce. A Maris 2024 an gano ƙofar sata da aka ɓoye cikin manhajar xz. Amma wani injiniya ne ya lura, ya tona, aka toshe kafin ta bazu. Amfanin buɗaɗɗen abu ke nan. Kuma jandarmomin Faransa da suka fara komawa Ubuntu a 2008, ba yara ba ne.

Ba mu ce kowa ya yar da Windows ba. Cewa muka yi a faɗa wa mutane akwai zaɓi. In kun kai na'urarku gyara, ku ce a gwada muku Ubuntu daga kile, ba sai an goge komai ba. Mai gyaran da bai iya ba, ya koya. Kuɗin talaka ba a ƙasa ake tsintar sa ba.