Sirrin Mara Lafiya A Garin Da Kowa Ya San Kowa

Binciken lafiya da yawan jama'a da aka gudanar a faɗin Nijeriya a 2018 ya ajiye Jihar Kebbi can ƙarshen layi, domin haihuwar da ake yi a asibiti a jihar ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba. Duk lokacin da aka tayar da wannan magana, dalilan da ake jerowa sanannu ne: nisa, rashin kuɗi, lalacewar hanya, jiran izinin maigida, ƙarancin ma'aikata. A ƙasar Yauri ma sai a ƙara da ruwa, tunda matar da naƙuda ta kama a wani gungu cikin tafkin Kainji sai an nemo kwale-kwale da mai tuƙi kafin a fara zancen mota. Duk waɗannan gaskiya ne. Amma akwai dalili guda da ba a cika sa shi a lissafi ba, saboda ba a iya auna shi da kilomita ko da naira, wato tsoron da mace ke yi cewa abin da ta faɗa a ɗakin awo zai riga ta isa gida. A ganina, a wuri irin namu, riƙe sirrin mara lafiya shi ne ginshiƙin aikin jinya, kuma malamar asibitin da bakinta bai da linzami tana rage wa magani ƙarfi ko da ta fi kowa iya allura.

A babban asibitin Abuja ko Legas, nas da mara lafiya baƙin juna ne, in an sallame ka da wuya ku sake haɗuwa. A Yelwa, Wara, Shanga ko Birnin Yauri abin ba haka yake ba. Malamar da ke riƙe da katinki 'yar wane ce, matar wane ce, tare kuke zuwa Islamiyya, gobe kuma za ku zauna tabarma ɗaya a gidan suna. A dubi yadda ranar awo take a yawancin ƙananan asibitocinmu: benci uku ko huɗu cike da mata, tebur ɗaya a gaba, babu labule, malama tana tambaya da ƙarfi don ta rinjayi kukan yara. "Ciki na nawa ke nan? Kin taɓa ɓari? Kin sha maganin tazarar haihuwa? Maigida ya sani?" A bencin baya kuwa ga ƙanwar kishiya ta kasa kunne. Me ake so matar ta ce? Za ta faɗi abin da ba zai jawo mata fitina a gida ba, malama ta rubuta shi a kati, duk wanda ya ɗauki katin nan gaba ya ɗora magani a kan ƙarya. Ɓarin da aka ɓoye, jinin da ba a ambata ba, maganin gargajiyan da aka sha aka yi shiru, su ne ke dawowa da tsakar dare a ɗakin haihuwa lokacin da babu sauran dabara. Saboda haka batun sirri yana cikin ainihin aikin magani, daidai da wanke hannu da auna hawan jini.

Doka ba ta bar wannan ga halin mutum ba. Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ce duk bayanin da ya shafi lafiyar mutum, da maganin da ake yi masa, da ma kwanciyarsa a asibiti, sirri ne, ba a fitar da shi sai da rubutacciyar yardarsa, ko umarnin kotu ko wata doka, ko buƙatar iyaye da waliyyi idan yaro ne ko wanda ba ya cikin hayyacinsa, ko kuma idan ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari. A shekarar 2014 ɗin ce kuma aka yi dokar hana nuna wariya ga masu ɗauke da cutar ƙanjamau, wadda ta hana tona matsayin mutum ba da izininsa ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake yi wa tsaro na musamman. Hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, tana da kotun ladabtarwa mai ikon soke sunan ma'aikaci daga rajista. Wanda kuma ke ganin waɗannan duk tsarin Bature ne, ya tuna cewa a addininmu abin da aka gaya maka a asirce amana ne, kuma tun zamanin Manzon Allah (SAW) Rufaida al-Aslamiyya ta kafa tanti a masallacin Madina tana jinyar waɗanda suka ji rauni, a nan aka kwantar da Sa'ad bin Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. Aikin namu ne, ƙa'idarsa ma tamu ce.

Ma'aikatan jinya suna da amsa, kuma amsar tana da nauyi. Za su ce wanda ke kwana shi kaɗai da ɗaki cike da marasa lafiya, da fitilar waya a hannu, albashi ba ya kai tsakiyar wata, ba shi ne za a zo a yi wa wa'azin ladabi ba. A farkon 2024 magatakardan hukumarsu da kansa ya bayyana cewa ma'aikatan jinya 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. Martanin da hukumar ta mayar shi ne tsaurara sharuɗɗan tantance takardun masu son fita, har da sharaɗin aikin shekara biyu, abin da ya jawo zanga-zanga. A ƙarshen Yulin 2025 ƙungiyarsu ta shiga yajin aikin gargaɗi kan alawus da ɗaukar ma'aikata. Ina tare da su a mafi yawan waɗannan buƙatu, kuma in birane na kukan ƙarancin ma'aikata, ba sai an faɗi halin da asibitin bakin tafki yake ciki ba. Sai dai hujjar ba ta kai inda ake son kai ta ba. Gajiya tana iya sa mutum ya manta sa hannu a fayil, ko ya ɗaga murya, wannan ana iya fahimta. Amma ba gajiya ke sa a tashi daga aiki a je gidan biki a ce "ai wance ba zazzaɓi ke damunta ba". Wannan zaɓi ne, kuma yin shiru ba ya cin ko kwabo. Sa'annan a duba wa ke biyan bashin. Gwamnatin da ta ƙi biyan alawus ba ta jin komai idan asirin wata matar masunci ya tonu. Wanda aka zalunta ne ke sauke haushinsa a kan wadda ta fi shi rauni.

Hujja ta biyu ta fi wannan wuyar turewa, domin daga cikin al'adarmu ta fito. A wurinmu mutum ba ya ciwo shi kaɗai. Dangi ne ke kawo shi, su ke sayo magani a kyamis, su ba da jini, su kawo kunu da safe, su kwana a baranda. Miji ne ke biyan kuɗi. To da wane ido malama za ta dubi uwar miji da ta sayar da akuyarta don jinyar suruka, ta ce mata "ba zan gaya miki ba"? Masu wannan ra'ayi suna cewa ɓoye wa iyali raba zumunci ne. Amma dokar ba ta hana iyali sani ba, mabuɗin kawai ta danƙa a hannun mai ciwon. Abin da ake nema daga malama bai wuce minti biyu ba: ta sallami kowa da dabara, ko da cewa za ta duba jiki ne, ta tambayi mara lafiya ita kaɗai, "Wa kike so a yi wa bayani, kuma me kike so a faɗa?" A ciwo tara cikin goma, a ƙiyasin hankali, amsar za ta zama a gaya wa kowa. Na goman shi ne abin ji. Mace ce ake fara yi wa gwajin ƙanjamau saboda ita ke zuwa awo, don haka ita ake fara ɗora wa laifi ko da ba daga gare ta cutar ta shigo gidan ba. Mai yoyon fitsari, kafin ta kai cibiyar Gesse a Birnin Kebbi a yi mata aiki, sau da yawa aurenta ya riga ya girgiza. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe, in labarin ya fita, ita ce ke rasa mijin aure, wanda ya aikata yana yawonsa. A irin waɗannan, kalma ɗaya daga bakin malama tana iya zama takardar saki. Ban ce babu tsaka mai wuya ba. Idan mutum ya ƙi gaya wa abokin zamansa cutar da za ta iya kama shi, akwai rai na biyu da ke da haƙƙi. Amma hanyar da aikin ya tanada ita ce lallashi, da kiran ma'auratan a yi musu gwaji da nasiha tare, da kai maganar ga likita ko shugaban asibiti idan ta cije. Raɗa wa maƙwabciya ba ya cikin hanyoyin.

Ƙasar Yauri tana da wata ƙofar da sirri ke fita wadda littattafan koyarwa ba su cika kula da ita ba, ita ce ta tafinta. Nan gida ne na Gungawa, Kambari, Dukawa, Shangawa, Lopawa, Fulani da Sarkawa masunta, kuma tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya tashi mutum fiye da 40,000 daga garuruwansu aka sake musu matsuguni, jama'a ta ƙara cakuɗuwa. Kusan kowa na jin Hausa, amma Hausar cinikin kifi da albasa daban, Hausar bayyana ciwon mara daban. Tsohuwa ko amarya daga ƙauye takan buƙaci mai fassara, kuma wanda ke kusa shi ake jawowa: ƙanin miji, ɗanta ɗan shekara goma sha biyu, ko mai shara. Wace uwa ce za ta bayyana ciwon sanyi ta bakin ɗanta? Maganin wannan na dogon zango shi ne 'ya'yan waɗannan al'ummomi su shiga kwalejin jinya ta Birnin Kebbi da kwalejin kimiyyar lafiya ta Jega, masarauta da ƙananan hukumomi su ɗauki nauyinsu bisa sharaɗin su dawo gida aiki. Sai dai a sani, 'yar gari ta fi baƙuwa sanin mutane, don haka nauyin kame baki a kanta ya ninka. Wasu matan ma, saboda wannan, sun fi sakin jiki da malamar da ta zo daga nesa. Masu hali kuwa sukan tsallake asibitin garinsu su tafi Kontagora, Birnin Kebbi ko Sakkwato inda ba a san su ba, wato sirri ya zama abin saye, talaka ya koma wurin boka ko mai kyamis wanda aƙalla ba ya rubuta suna.

Sai kuma waya. Shekarar 2021 ta nuna wa wannan yanki abin da ake nufi da idon duniya ya juyo kanka farat ɗaya. Ranar 26 ga Mayu jirgin ruwa ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse a kusa da Wara, sa'annan ranar 17 ga Yuni 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai da malamai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, wasu 'yan matan sai a 2023 suka kuɓuta. A irin wannan lokaci duk asibitin da aka kai waɗanda abin ya shafa cika yake da 'yan jarida, 'yan siyasa, masu jaje da 'yan kallo, kowa da kyamara a aljihu. Gawar da aka tsamo daga ruwa tana da haƙƙin sutura. Yarinyar da ta fito daga daji za ta ci gaba da rayuwa cikin wannan al'umma, za ta koma makaranta, za ta yi aure, kuma hoton da aka ɗora a Facebook ko aka watsa a WhatsApp ba ya gogewa. Sau da yawa nas ce kaɗai ke tsaye tsakanin gadon mara lafiya da wannan taro. Ya kamata ta iya cewa a ajiye waya, ko da mai wayar ɗan majalisa ne da ya zo biyan kuɗin magani da masu ɗaukar hotonsa (al'adar da ta yi yawa, kuma babu wanda ke tambayar na kwance ko ya yarda). Ƙaramar ma'aikaciya ba za ta iya wannan ba sai ta tabbata shugaban asibiti zai tsaya mata gobe idan aka nemi a mayar da ita wani ƙauye don ladabtarwa.

Masu cewa ai akwai cututtukan da dole a sanar, gaskiyarsu, kuma dokar ta riga ta buɗe wannan ƙofa. Kwalara, zazzaɓin Lassa, ko sanƙarau irin wanda ya ɓulla a Gwandu, Aliero da Jega a farkon 2025, ana kai rahotonsu ga jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, shi kuma ya miƙa sama. Amma ko wannan aikin ya dogara ne da mutane su yarda su zo asibiti tun ciwo na ɗanye. Arewa ta riga ta ga abin da zubewar yarda ke haifarwa: gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, inda 11 suka mutu aka kuma yi ta shari'a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, yana cikin abubuwan da aka kafa hujja da su wajen ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003.

Rabon gwamnati a wannan magana ƙarami ne a kuɗi, shi ya sa rashin yin sa ya fi zama abin kunya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ɗin nan ta ɗora wa shugaban kowane asibiti alhakin tsare fayilolin marasa lafiya daga hannun da bai dace ba, ita ce kuma ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, wani kaso kuma yana shiga asusun ƙananan asibitoci kai tsaye. Kwamitocin raya mazaɓu da ke sa ido kan yadda ake kashe wannan kuɗi a Yauri, Ngaski da Shanga suna iya sa labule, kabad mai makulli, da matsar da teburin awo nesa da benci cikin kasafin zangon da ke tafe, su kuma liƙa lambar wayar da mara lafiya zai kira idan an tona masa asiri, wadda ba ta shugaban asibitin da ake ƙara ba ce.