Karin walaha: wasu na yi don nishaɗi, wasu don dole

Duk mai leƙa Instagram ko TikTok ranar Asabar da Lahadi ya san irin hoton. Tebur ne a wani gidan cin abinci a Nasarawa GRA ko Bompai a Kano, ko Wuse 2 a Abuja, maigida da uwargida da yara sun kewaye shi, ga soyayyen dankali da ƙwai, ga gahawa mai kumfa, agogo kuma ya doshi sha ɗaya. A ƙasan hoton an rubuta "brunch". Kalmar Turawa ce da suka ƙera daga sunan karin kumallo da na abincin rana, kuma ta tsufa: tun 1895 wani marubuci ɗan Ingila, Guy Beringer, ya yi amfani da ita yana roƙon a ƙyale mutane su sha barcinsu ranar Lahadi, in sun tashi su ci abinci guda mai nauyi. Amurkawa ne suka mayar da abin al'ada, iyali su ɗunguma zuwa ƙaramin gidan abinci na unguwarsu, inda mai kawo abincin ya san sunan kowa.

Mu dai ba mu rasa sunan wannan lokaci ba, walaha ce. Kuma in dai haɗa karin safe da abincin rana ake nufi, to wallahi gidaje da yawa a Arewa sun riga 'yan gayu farawa, sai dai su babu hoto. Uwa ce ke jan yara da dabara har rana ta ɗaga, don kwano ɗaya ya tsaya a madadin biyu.

Kowa ya san mafarin abin. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta tsallake 1,000. Aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, alhali galibin alkamar da muke ci daga waje take zuwa, sai fulawa ta tashi. A Fabrairun 2024 mata masu yin gurasa suka fito zanga-zanga a Kano kan tsadar fulawa, a watan ne kuma aka yi ta labarin magidanta sun koma sayen afafata. Zuwa Yunin wannan shekara Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin 100. Gaskiya ne hatsi ya sauko a 2025, amma je ka tambayi mai shayin layinku ko ya mayar da kuɗin ƙwai da burodi yadda suke a da.

Yanzu mu yi lissafi. Mafi ƙarancin albashi na tarayya naira 70,000 ne, Kano ta sa nata 71,000. A ƙaddara faranti ɗaya da abin sha a irin wuraren hoton nan naira 8,000 ne, kuma ai ka san akwai inda ya fi haka. Miji da mata da 'ya'ya huɗu, 48,000 ke nan, fiye da kashi biyu cikin uku na albashin wata, a zama ɗaya, ban da kuɗin adaidaita sahu. Ba ina zargin masu zuwa ba ne fa. Wanda Allah Ya hore masa ya fita da iyalinsa ya ci halaliyarsa, ya fi wanda zai je ya cinye shi kaɗai a majalisa ya dawo gida yana sakace.

Abin da ya fi damuna shi ne inda matasanmu masu ɗan jari suke zuba kuɗinsu. Kusan duk wanda ya yi sha'awar buɗe gidan abinci, hankalinsa na kan unguwannin masu hali: fitilu masu launi, bango na ɗaukar hoto, jerin abinci da sunayen da shi kansa bai iya faɗa ba. Masu iya biyan wannan farashi kuwa 'yan kaɗan ne, kuma kowa su yake zawarci. Haya ga tsada, gas ga tsada, wutar rukunin A tun Afrilun 2024 aka ninka kuɗinta fiye da sau uku. Idan babban kanti kamar Shoprite ya rufe reshensa na Kano a Janairun 2024, yaro mai jarin da ya ranto wajen yayarsa ya kamata ya tsaya ya yi tunani.

A can cikin unguwa kuma, a Kurna ko Ɗorayi ko Hotoro, ga kasuwa nan kwance babu mai kallonta. Abincin walaha muna da shi har ya yi yawa: waina da miyar taushe, funkaso, alkubus, ɗanwake, ƙosai da koko, gurasa bandashe, farfesun kayan ciki. Abin da babu shi ne wurin zama. Teburin mai shayi na maza ne, wannan ba sai an faɗa ba. Ba ka taɓa ganin magidanci ya zauna a bencin da matarsa da 'yarsa ba. Mai waina kuma a bakin ƙofa take ko cikin zaure, a ba yaro kwano ya bi layi ya kawo gida. Wato tsakanin bencin mai shayi da teburin 'yan gayu babu komai.

Wani zai ce ai mu ba al'adarmu ba ce cin abinci a waje, har ma wasu na ganin gori ne ga uwargida. Da ɗan gaskiyarsa. Amma sayen karin kumallo a maƙwabta ai tun kakanni ake yi, kuɗin dama fita suke. Kuma zamani ya sauya: uwargidan yau malamar makaranta ce ko ma'aikaciyar asibiti ko mai kasuwanci ta waya, ita ma tana son safiya ɗaya da ba za ta tsuguna gaban murhu ba.

Irin wurin da nake nufi ba ya buƙatar miliyoyi. Ɗaki ne mai iska, da sashen iyali da aka kare da labule ko tabarmi a gefe, da ruwan wanke hannu, da banɗaki mai tsafta (nan ne fa yawancinmu ke faɗuwa), da farashi rubuce a bango don kada maigida ya ji kunya gaban 'ya'yansa. Mai wainar layin ba sai an kashe mata kasuwa ba, a ɗauke ta ita da tandarta, ko a riƙa sara a hannunta. Shinkafar waina da waken ƙosai a gonakinmu ake nomawa, Dawanau na nan kusa, saboda haka tashin dala ba zai taɓa su kamar yadda yake taɓa fulawa da madarar gwangwani ba. Ribar faranti ɗaya kaɗan ce, amma unguwa guda a Kano ta fi wasu garuruwan yawan jama'a, kuma kowace Asabar sai sun karya.